Wane Fanni Zan Karanta A Jami'a?

 Sa'ad da Malamin Hausa ya ce kowa ya kawo abin da za a sa a shafin Hausa na bana, da fari na yi nufin in ba da labarin wasan ƙwallon da muka yi da maƙwabtanmu. Amma da na tuna mu aka lallasa, sai na ga gara in bar wa mai ƙarfin zuciya. Na ɗauko maganar da ta fi damuna, wadda na tabbata ta dami kusan kowa a aji biyar da aji shida, watau maganar fannin da mutum zai karanta in Allah Ya nufe shi da shiga jami'a.

In an taso daga karatun dare aka kashe fitila, ba abin da ake yi a ɗakin kwananmu sai rabon muƙamai. Wannan ya ce shi likita ne, wancan ya ce injiniya, na can ƙurya ya ce shi lauya, har ya soma yi mana shari'ar wanda ya sace masa garin kwaki. Wata rana na ƙidaya mu goma sha biyu da ke kwana a lungunmu, na sami likita bakwai, injiniya uku, lauya ɗaya, sai ni da na yi shiru. Na tambayi ɗaya daga cikin likitocin nan abin da ya sa yake son likita. Ya ce, "Kai, ba ka ga motar da suke hawa ba?" Na tambayi wani, ya ce babansa ne ya ce. Na uku ya yi ta sosa ƙeya, daga bisani ya ce ai duk wanda ke zuwa na ɗaya a aji likita yake zama. Ba wanda ya ce mini yana son zama da marasa lafiya. Ban yi musu dariya ba, domin ni ma a gida sunan da aka tanadar mini ke nan, kuma na san abin da sunan nan ya jawo wa yayana.

Kafin in kai ga labarinsa, bari in bayyana yadda al'amarin yake tafiya, sabo da ƙannenmu na ƙananan azuzuwa, da kuma iyayen da ba su saba da harkar boko ba.

Malamin da ke ba mu shawara kan ayyuka ya gaya mana cewa a Amurka ɗalibai da yawa sukan shiga jami'a ba tare da sun ɗaure kansu da fanni guda ba. Yaro ya yi shekarar fari, wani har ta biyu, yana ɗanɗana wannan darasi da wancan, sa'an nan ya tsai da abin da zai ƙware a kai. Mu nan ba haka ba ne. Tun da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982, sakandare ta rabu biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku. Ranar da yaro ya shiga aji huɗu, aka ce masa kai ajin kimiyya, kai ajin kasuwanci, kai kuma ajin adabi da muke kira At, to ran nan aka yanke rabin shawarar. Yaron da bai yi Fizis da Kemistiri ba, ba shi ba aikin injiniya, ko da kuwa shi ke gyara famfon makaranta. Wanda ya guje wa adabin Turanci kuwa, ya toshe wa kansa hanyar lauya. Shekarunmu nawa a lokacin? Sha huɗu, sha biyar. Da yawanmu mun bi aboki ne kurum, ko kuwa mun ji kunyar a ce mun tafi At, don an ɗauka can ne matattarar ragwaye. Wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta. A ajin At na makarantar nan akwai yaran da in suka tashi muhawara, mu 'yan kimiyya sai mu nemi wurin ɓuya.

Sauran rabin shawarar kuma a fom ɗin JAMB ake yanke ta. Ita wannan hukuma an kafa ta ne a 1978 don ta riƙa shirya jarrabawar shiga jami'o'i. Jarrabawar darasi huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kuma fannin da ka zaɓa shi ke zaɓa maka su. Mai son likita zai yi Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya zai yi Lissafi da Fizis da Kemistiri. Jimlar maki 400 ne, a kan kwamfuta ake yi, kuma sakamakon na shekara guda ne, in ta wuce sai sabon lale. Bayan wannan ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, ɗan kimiyya kuma har da Lissafi. Abin lura a nan shi ne, tun a fom ɗin nan za ka rubuta sunan jami'a da sunan fanni, tun ba ka taɓa taka ƙofar jami'ar ba. Fannonin da kowa ke rububi, irin su likita da lauya, su ke neman maki mafi yawa, domin gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Wanda makinsa bai kai ba, in ya yi sa'a a tura shi wani sashen da bai taɓa jin sunansa ba, in bai yi ba ya zauna gida shekara guda.

To, yayana makinsa ya kai. Shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun muna ƙanana in Baba zai yi maganarsa sai dai ya ce "wancan" ko "yayanku". Ranar da takardar samun gurbi ta zo, aka ce an ba shi karatun likita, sai Baba ya sami sunan da zai kira shi ba tare da kunya ba. Ya leƙa zaure ya ce, "Ina Likita?" Daga ran nan duk ƙauyenmu ba mai kiransa sai da wannan suna. Baba manomi ne, yana ɗan taɓa cinikin hatsi in kaka ta yi. Bijimai biyu yake da su na huɗa, ya kai ɗaya kasuwa don kuɗin rajista da na ɗaki da na littattafai. Damina ta zo, muka riƙa aron sa a wurin Kawu muna haɗawa da namu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗalibin likita a shekararsa ta fari ba ya ganin majiyyaci ko ɗaya. Fizis ne da Kemistiri da Bayoloji ake sake yi masa, masu zurfi, cikin babban ɗaki tare da ɗaruruwan ɗalibai, kuma sai wanda ya ci su sosai ake bari ya wuce aji biyu. Yayana ba daƙiƙi ba ne, a makarantar nan ya yi, tsofaffin malamai sun san shi. Amma ya gaya mini cewa tun a zangon farko ya lura da wani abu. Abokan karatunsa in an tashi darasi sai su yi ta zancen cututtuka da tiyata, idonsu na ƙyalli, suna ɗokin a kai su asibiti. Shi kuwa ko a jikinsa. Wata rana ya raka wani abokinsa da zazzaɓi ya kayar, ya kwana biyu yana jinyarsa a asibiti. Ya ce warin magani da nishin mutane suka hana shi cin abinci, ya riƙa duban likitan da ke zagaye da tsakar dare yana tambayar kansa, ashe haka zan ƙare rayuwata? Daga nan karatun ya fita ransa. Ya buɗe littafi, hankalinsa na gona, yana tunanin ko an yi wa dawa noma na biyu, ko ƙuduji ya sake cinye gefen gabas kamar bara.

Ƙarshen shekara sakamako ya fito, bai kai makin wucewa ba. Aka ba shi zaɓi ya nemi wani sashe. Ya je Tsangayar Aikin Gona da ƙafarsa, aka karɓe shi, amma sai da ya yi asarar shekara guda.

Kuskuren da ya yi, wanda shi da kansa ya ce in rubuta, shi ne ɓoyewa. Ya zo hutu bai gaya wa kowa ba. Ana ce masa Likita yana amsawa. Har wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo masa takardar magani ta ce ya duba mata ko na hawan jini ne, ya karanta mata, ta yi ta sa masa albarka tana cewa Allah Ya kawo mana namu na gida. Na ga ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, bai fito ba sai magariba. Zango guda cur ya yi a haka. Ƙarshenta wani ɗan garinmu da ke karatu can ya saki maganar a wurin ɗaurin aure, ba da mugun nufi ba, shi a zatonsa kowa ya sani.

Ina nan sa'ad da Baba ya kira shi zaure. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Noman da na sayar da sa don in raba ka da shi, shi ka je kana biyan kuɗi a koya maka?" Yayana ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gafarce ni." Baba ya ce, "Faɗuwa ba komai, ta Allah ce. Ƙaryar fa?" Ya tashi ya shiga cikin gida. Tun daga ran nan bai ƙara cewa Likita ba, ya koma "wancan". Ni dai a ganina wannan ta fi bulala zafi.

Yanzu yayana yana aji huɗu, kuma yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Shekaranjiya da damina ya kawo irin wake da na masara waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ya roƙi Baba ɗan gefen gona ya gwada. Baba ya nuna masa inda ya fi ko'ina tsakuwa. Bara kuwa, ba tare da ya ce komai ba, ya ƙara masa har zuwa gindin ɗorawa. Iyakar abin da zan iya faɗi ke nan, ban ce an shirya sarai ba.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon labari shi ne, da Likita na fari ya faɗi, sai ido ya dawo kaina. Ni ke zuwa na ɗaya ko na biyu a Lissafi tun daga aji ɗaya. Baba bai ce mini komai ba, amma Inna ta ce ya gaya wa Kawu cewa abin da ya kuɓuce a hannun babba, ƙarami zai kamo. Baɗi war haka na riga na cika fom.

Hutun da ya wuce muna cirar ciyawa da yayana na tambaye shi yadda mutum zai gane fannin da ya dace da shi. Ya ce shi ba malami ba ne, amma in fara da ƙidaya shekaru. Likita shekara shida, likitan dabbobi ma haka. Injiniya da aikin gona da lauya biyar-biyar, lauya kuma sai ya ƙara da makarantar horon lauyoyi. Yawancin sauran fannoni huɗu. Wannan fa in ba a yi yajin aiki ba, kamar na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Sa'an nan ga shekarar bautar ƙasa, wadda aka soma tun 1973. Ya ce, "To duk wannan somin taɓi ne. Bayansa akwai shekara talatin da wani abu da za ka tashi kullum da safe ka tafi wurin aikin nan. Mota da sunan da za a kira ka, sati biyu za su yi maka daɗi ka saba. Aikin kuwa kullum yana nan yana jiranka. Kada ka tambayi kanka me kake so a kira ka. Tambayi kanka wace wahala ce za ka iya sha ba tare da ka tsani kanka ba, don kowane aiki da tasa."

Maganar nan ta zauna mini. Na dawo makaranta na yi ta juya ta, na soma lura da kaina kamar yadda muke lura da abu a ɗakin gwaje-gwaje. Me nake yi in ba wanda ya sa ni? Amsar ba ta yi wuyar samu ba, kunyar faɗinta kawai nake ji. Duk ranar Asabar bayan duba tsabta, 'yan aji ɗaya da aji biyu na gidanmu sukan taru a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin cin abinci in yi musu lissafi. Ba firifet ya sa ni ba, ba a kuma ba ni ko ƙwandala. Akwai wani ƙaramin yaro da ya zo daga ƙauye kamar ni, wanda lissafin ɓangare ya gagare shi, har yana kuka. Ya kasa gane dalilin da ya sa ɗaya bisa uku ta fi ɗaya bisa huɗu, alhali huɗu ta fi uku. Na yi bayani har na gaji. Can sai na ce masa, in an ba ku ƙosai ɗaya, ka fi so ku raba ku uku ko ku huɗu? Ya yi shiru, sa'an nan ya daka tsalle ya ce, "Wallahi Yaya na gane!" Daɗin da na ji ran nan ban ji shi ba ko ranar da aka kira ni gaban taro aka ba ni kyautar Lissafi.

Da na ƙara tonawa sai na ga abin ya wuce jin daɗi. A firamaren ƙauyenmu mun yi shekara biyu ba mu da malamin lissafi tsayayye. Mu da muka fito tare, ni kaɗai na sami makarantar kwana, ba don na fi su kai ba, sai don ina da yaya mai koya mini da dare. Akwai wanda ya fi ni saurin ƙidaya nesa ba kusa ba, yanzu yana tura baro a kasuwa. In na tuna shi sai in ji kamar bashi ne a wuyana. Har wa yau na gane ni ba mai son nisa da gida ba ne, ba na kuma sha'awar aikin da za a riƙa shigo mini da ambulan ta ƙarƙashin tebur. Waɗannan su ne abubuwan da na tarar ina girmamawa. Na wani dabam ne, kuma ba laifi. Abokina na kusa ya ce shi a fili yake, talauci ya gasa gidansu, fannin da zai kawo kuɗi da wuri yake nema don ya ɗauke wa uwarsa dakau. Wa zai ce masa bai yi daidai ba? Shi ya san abin da yake bi, da dalilin da ya sa yake binsa. Wanda nake jin tsoro dominsa shi ne mai bin ayari bai san garin da za a sauka ba.

Saura in faɗi kalmar da nake ta kewaye-kewaye: malamin makaranta nake so in zama, malamin Lissafi.

Na san abin da za ku ce, don an riga an gaya mini a ɗakin kwana, har da tafi da shewa. Albashin malami ba ya kai wata. Gaskiya ne, ba ni da bakin musu. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kowa kuwa ya san abin da wannan kuɗi zai saya a kasuwa. Muna ganin malamanmu, wani da tsohon babur, wani yana noma da damina don ya cike giɓi. Dokar 2022 da ta ba malamai damar yin aiki har su kai shekara 65 da haihuwa, ko 40 a bakin aiki, ta ƙara musu tsawon aiki ne, ba ta sa tukunya ta ƙara nauyi ba. Duk wanda ya ce kuɗi ba komai ba ne, bai taɓa ganin an kai san huɗa kasuwa ba. Na sa wannan a ma'auni, kuma yana da nauyi ƙwarai.

Amma raina malami da ake yi yanzu baƙon abu ne a ƙasar nan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai aka kafa ta. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta. Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Malam Aminu Kano da alli ya fara, sai a 1950 ya bar koyarwa ya shiga siyasa. Shehu Shagari da ya zama shugaban ƙasa a 1979 malamin makaranta ne, haka Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya karanta ilmin koyarwa da Kemistiri a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma koyar kafin ya shugabanci ƙasa a 2007. A fannin da nake so ma akwai Farfesa Iya Abubakar, masanin Lissafi, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Sai dai da na karanta wa Malamin Tarihi wannan jeri ina ta murna, sai ya ce, "Kai yaro, in don ka zama shugaban ƙasa za ka ɗauki alli, ai kai ma motar likita kake kallo. Malamai dubu nawa suka yi ritaya ba wanda ya san sunansu sai ɗalibansu?" Ya kama ni, na yi dariya, amma ban cire jerin ba, don yana da amfani wurin iyaye.

Na kuma bincika hanya, domin so kaɗai ba ya cika fom. Mai son koyarwa yana iya shiga Tsangayar Ilmi ya yi digirin koyar da Lissafi, shekara huɗu, da fita makarantu koyon aiki a ciki. Yana iya bi ta kwalejin horon malamai ya sami takardar NCE, daga baya ya shiga jami'a daga aji biyu. Ko kuwa ya yi digirin Lissafi zalla, in ya gama ya ƙara difilomar koyarwa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kwanta mini, sabo da mai Lissafi ƙofofinsa da yawa, akwai banki, akwai ƙididdiga, akwai aikin kwamfuta, in alli ya kasa ciyar da shi ba zai rasa madafa ba. Ina ba 'yan'uwana shawara kowa ya je ofishin malamin shawara ya duba kundin JAMB da idonsa, ya ga darussan da fanninsa ke bukata, kada ya dogara da ji-ta-ji-tar ɗakin kwana. Ya kuma nemi wanda ke yin aikin ya tambaye shi abin da ya fi ƙi a cikinsa, don abin da ya fi so kowa ma zai faɗa.

Ku kuma iyayenmu, Allah Ya saka muku da alheri, ku gafarce ni in na yi rashin kunya. Mun san ba ƙinmu kuke yi ba. Wanda ya kwana a layin asibiti da yaro a kafaɗa, dole ya yi burin a ce ɗansa ne likitan. Wanda rana ta gasa a gona shekara arba'in, dole ya so ɗansa ya zauna a inuwa. Roƙona ɗaya ne, kafin ku raɗa wa yaro suna na biyu ku tambaye shi, ku kuma sassauta fuska yadda zai iya ba ku amsar gaskiya. Yayana ba tsoron duka ya sa ya ɓoye ba, tsoron ya ga fuskar Baba ta canza ne.

Ni kam na ƙudura ba zan maimaita nasa ba. Ana saura kwana biyu mu dawo makaranta, bayan sallar lisha, na sami Baba a zaure yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana. Ya rage murya. Na ce, "Baba, baɗi za mu cika takardar jami'a. Ni Lissafi nake so in karanta, in koyar." Gabana na ta faɗuwa kamar ana daka. Ya daɗe bai ce uffan ba, har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Wancan ne ya zuga ka?" Na ce a'a, ni na zuga kaina. Na ba shi labarin yaron ƙosai, da abokina mai tura baro, wanda ya san shi ya san ubansa. Ya ce, "Malamin makaranta. Ka san abin da suke samu?" Na ce na sani. Ya ce, "Da shi za ka riƙe ni in na tsufa?" Wannan ban da amsarta, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Likitan fa, ba za ka iya ba ne, ko ba ka so?" Da na ce ba zan iya ba, da maganar ta ƙare nan take, don ba ya tilasta wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Amma da na yi masa ƙarya. Na ce, "Ina jin zan iya, Baba. So ne ba na yi."

Ya ƙara wa rediyo murya kaɗan, sa'an nan ya sake ragewa. Ya ce, "To, ka dai faɗa da bakinka, ba a wurin ɗaurin aure na ji ba. Tashi ka kwanta. Zan yi shawara da kawunka, in kun zo hutun Sallah ma yi magana."

Ranar da zan taho ya raka ni tasha, abin da bai saba yi ba. Ya biya kuɗin mota, ya ƙara mini ɗari biyar, ya ce in sayi littafin rubutu in ba yaron nan na ƙosai. Hutun Sallah saura mako bakwai.